Butar Baba

Jiya da azahar ina zaune a zaurenmu na Wurno, Baba yana fama da buta a gabana. Hannunsa na dama na rawa, ruwa na zuba a rigarsa. Sai ga ƙanensa, Baffa Umaru, ya shigo dubiya daga Goronyo.

Wata uku ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye, kuma tun lokacin ni ke zuba masa ruwan alwala. Amma kwanan nan ma'aikaciyar asibitin da ke koya wa tsofaffi yadda za su koma yi wa kansu hidima ta ce in daina. Ta sa munka samo ƙaramar buta, ta naɗe mariƙin da tsumma don ya riƙu. Ta ce in ina yi masa komai, hannun ƙara mutuwa zai yi.

Baffa ya dube ni ya ce, "Mi kaka yi zaune ubanka na wahala? Haka anka rene ka?"

Na zabura zan karɓi butar. Baba ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Zauna. Umaru, shekara sittin hannun ga na yi min alwala. Bar shi ya tuna."

Ya gama, amma rigar ta jiƙe sharkaf. Baffa ya tafi ko ruwa bai sha ba, na kuma san zancena zai zaga dangi.

Gobe ma haka zan zauna in zuba ido, ina tsoron kada hannun ya ƙi dawowa. Ku da kunka yi jinyar tsoho, yaya kunka iya riƙe naku hannun?