Fuskar Inna Usaina a Jikin Leda

Duk wanda ya tashi a Bukan Sidi kuma haƙoransa suka lalace, to Inna Usaina ce sila. Ni ma haƙora biyu na bari a hannunta, kuma ban yi nadama ba.

Shekara ashirin da wani abu ta yi tana alewar madara a tsakar gidanta. Ramatu, wata Bafulatana daga Ashige, ke kawo mata madara da safe, su zauna su yi ta gardama a kan ko an ƙara ruwa. Da la'asar ta yi, an tashi daga makaranta, sai gidan ya cika. Ba saye kaɗai ke kawo mu ba. Ƙanzon tukunya kyauta ne, amma da sharaɗi: sai ka ba ta labarin abin da ya faru a makaranta. Mun sha yi mata ƙarya, ta sani sarai, ta miƙo cokalin. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya tana karatu a nesa. Mu ne hirarta.

'Yar tata, Juwairiya, ta dawo da digiri da dabara. Ba muguwa ba ce, tausayin uwarta take ji, don hayaƙi ya fara cin idon tsohuwar. Ta kama shago, ta sayo inji, ta koma madarar gari, ta yi rajista. Aka buga leda mai hoton Inna tana dariya, da suna a ƙasa: Alewar Inna. Cikin shekara uku alewar ta kai Agyaragu, ta kai Makurdi, har askirim aka fitar da sunan.

Sai Juwairiya ta roƙe ta ta daina yi a gida, wai kada a ce alewar kamfani a murhu ake dafa ta. Inna ta amince. Ramatu ta daina zuwa, tunda babu mai sayen madararta. Yara kuwa me zai kai su gidan da ba ƙanzo? Aka sa mata tayil da fanka da ƙofar ƙarfe mai kyau, wadda ba mai bugawa. Ni da nake wannan surutu, bara sau ɗaya na leƙa, kuma ina jin kunyar hakan.

Ranar ce ta ba ni labari. Wai ta gaji da zama, ta taka zuwa wani sabon kanti a bakin titi, ta tarar da fuskarta a jikin ledoji jere a kan kantar kaya. Ta ɗauki ɗaya tana dubawa. Mai kantin, Dooshima, baƙuwa ce a unguwar, ta dube ta, ta dubi ledar.

"Mama, ka yi kama da matan nan fa," in ji ta, da Hausarta da ba ta nuna ba. "Amma shi yana dariya."

Inna ba ta ce ita ce ba. Ta saya, ta dawo gida.

Na tambaye ta me ya ba ta dariya haka ranar hoton. Ta daɗe tana juya ledar a hannunta kafin ta amsa.

"Ku ne mana. Kuna bayan mai hoton kuna yi mini gwalo."