Awon Hannun Inna Barakatu

Inna Barakatu, da hantsin ranar Talata, 20 ga Zulhajji 1435, wato 14 ga Oktoba 2014, ina ofis a Daura aka kira ni a waya daga Rafin Kanya. Kande ce, ƙawarki ta shekara arba'in, murya a dishe. Ta ce, "Malam Jafaru, Inna Barakatu ta cika." Na faɗi abin da Musulmi ke faɗa: na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Kafin in hau babur in biyo hanyar Mai'adua in ratse zuwa garin, an gama yi miki sutura. Na dai sami salla. Tunda nake ban taɓa ganin masunta sun bar ruwa a makon da aka buɗe shi bayan hanin damina ba sai ranar nan. Goruna da kwalekwale suna kife a bakin madatsa, masu su suna sahu a bayan liman.

Ga wanda bai san ki ba, ke ce shugabar mata masu bandar kifi a bakin madatsar Rafin Kanya. Ba ki da sarauta, ba ki taɓa zama a aji ba. Mijinki Malam Harisu ya tafi kamun kifi Tafkin Chadi tun ɗanku Sabiru yana goye, a shekarar da fari ya busar da tsohon tafkin garin, kuma bai dawo ba sai labarin rasuwarsa. Da hayaƙin banda kika raini yaron. Tun daga lokacin abu ɗaya kike tsoro a duniya, kin kuma sha faɗa mini: kada ruwan gida ya sake gazawa har Sabiru ya bi hanyar ubansa.

Ni kuwa an turo ni garin a shekarar 2009 a matsayin ma'aikacin sashen kifi, da jakar takardu da ɗan girman kai irin na sabon ma'aikaci. A shekarar ce aka raba gidan sauro kyauta gida-gida. Wani mai dabara a cikin masunta ya lura cewa idan aka ɗinke huɗu ko biyar wuri ɗaya, an sami taru wanda ko ƙwan kifi ba ya tsere masa. Kafin wata biyu kowa ya kwance nasa daga kan gado. Sai su ja shi ta gefen ciyawa inda 'ya'yan karfasa ke fakewa, su fito da kwando cike da kifi kamar ɗan yatsa. Ana shanya shi a tabarma, ana dakawa a zuba a miya, mutane suna cewa albarka ce ta sauko. Damina biyu kawai aka yi, mai ragar kalli ya fara wuni a ruwa ya fito da ciyawa.

Na yi iya yina, Allah ya sani. Na tara su a gindin kanya na karanta musu doka, na yi bayanin faɗin idon raga da inci. Suka saurara da ladabi, suka ce Allah ya saka da alheri, washegari suka koma inda suka tsaya. Ranar da na yi ta maza na kama wani a cikin ruwa da gidan sauro har kifi na tsalle a ciki, sai ya dube ni ido cikin ido ya ce wanki ya zo yi. Jama'a suka fashe da dariya, ni ma ban san lokacin da na sakar masa abinsa ba. Na koma masauki ina tunanin neman canjin wurin aiki.

Ke kika aika a kira ni. Na same ki kina juya kifi a kan wayar banda, idonki ya yi ja da hayaƙi. Kika ce, "Malamin kifi, kai kana ta magana da masu kamawa. Ka taɓa tambayar wa ke saye?" Ban taɓa ba. A garin babu ƙanƙara, kasuwar Daura da nisa, duk kifin da bai shiga hannun masu banda da masu suya kafin azahar ba ya lalace. Wato duk abin da madatsar ta fitar ta hannun mata goma sha bakwai yake bi. Kika tara su a tsakar gidanki, kuka yi alkawari ɗaya. Duk kifin da aka kawo za a shimfiɗa hannu a kansa, daga wuyan hannu zuwa kan yatsan tsakiya. Wanda bai kai ba, ba mai saye, ko da kyauta aka bayar.

Abin da ba ki lissafa ba shi ne wanda zai fara zuwa. Da safiyar farko ina tsaye a wurin, sai ga Sabiru da kwando a ka, ya nufo ki kamar kullum. Kika ɗauki guda ɗaya kika aza a tafin hannunki, ko rabi bai kai ba. Kika mayar. Ya ce, "Inna, ni ne fa." Kika ce, "Na san kai ne, ni na haife ka. Ɗauki ka tafi da shi." Ya tsaya yana dubanki, matan nan suna dubansa. Ya kife kwandon a ƙasa ya juya. Kafin Juma'a ta zagayo ya hau mota zuwa Tafkin Chadi, bai yi miki sallama ba.

Na zo miki jaje da yamma, na same ki kina kuka a bayan murhu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, domin aikina ne kika ɗauka, kuma ke ya ci. Na ce ko a sassauta. Kika share ido da bakin zane kika ce, "In na saya yau, baɗi ma tafiyar zai yi, shi da sauran duka. Gara ya tafi da fushi ya sami abin dawowa."

Watannin da suka biyo baya sun yi wuya. Masunta suka kai ƙara wurin Sarkin Ruwa Kalilu da limamin gari, wai yanzu da ake zamanin Shari'a ba a yarda mata su haɗa kai su tare wa maza abinci ba. Liman ya saurare su har suka gama, ya ce shi a iya karatunsa ciniki sai da yardar mai saye, ɓarna kuwa haramun ce a tudu da cikin ruwa. Sarkin Ruwa, wanda tsufa da rashin goyon baya suka sa ya yi shiru shekaru, ya sami ƙarfin gwiwa. Ya dawo da al'adar iyayensu da aka watsar: daga faɗuwar ruwan farko har a gama yankan gero, ba mai jefa raga, a bar kifi ya yi ƙwai. Murahun banda suka yi sanyi. Kika koma tuyar ƙosai a ƙofar gida, kina raba wake da mai ga matan da suka fi ki ƙunci, don kada yunwa ta karya alkawarin.

Kande ta ba ni izinin faɗin wannan. Ta ce akwai ranar da ta kasa jurewa, ta sayi ƙananan a ɓoye ta rufe da faifai. Kika shigo gaisuwa, hancinki kuwa ba a ɓoye masa kifi. Kika zauna, kika ɗora hannunki a kan faifan kamar mai hutawa, kuka yi ta hirar biki har la'asar. Da kika tashi, ta ce ji ta yi gara a ce marinta kika yi. Ba ta sake ba.

Sai Allah ya nuna mana. Ranar da aka buɗe ruwa a kakar 2012, Sarkin Ruwa ya yi addu'a, maza suka faɗa da gorunansu. Ba a daɗe ba muka ji kabbara daga tsakiyar madatsa. Karfasa ce ake ɗagowa wadda ta rufe hannu har ta yi saura, tarwaɗa kuwa kamar taɓarya. Na ga dattawa suna dariya da hawaye. Mutumin nan mai wanki ya zo ya kama hannuna ya ce gidan sauronsa ya koma kan gado, in zo in duba in ina so. Daga makon nan fatake suka fara zuwa daga Mashi da Babban Mutum har da tsallaken iyaka, babura suna fita da kwali-kwalin banda. A ofis aka yaba mini. Na faɗa a lokacin, ina kuma sake faɗa a rubuce: ban yi komai ba, hannunki ne.

A cikin kifin ranar kika zaɓi karfasa mafi girma, kika yi bandarta da kanki, kika naɗe ta, kika ba wani direba mai zuwa gabas. Mutane suka yi ta tsokanarki, wai wa ke aika kifi Tafkin Chadi? Direban ya tambayi saƙon da zai faɗa, kika ce babu, ya dai ce daga gida ne. Sabiru ya gaya mini cewa da ya kwance ƙunshin, bai san lokacin da ya shimfiɗa hannunsa a kai ba. Kwana tara ya sauka a Rafin Kanya. Bayan dawowarsa da 'yan watanni rikici ya mayar da hanyar can abin da duk muka sani, kuma da yawa daga abokan sana'arsa ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Ya durƙusa ya nemi gafara, kika yafe tun bai rufe baki ba. Amma kunyar safiyar nan ba ta sake shi ba. Shekara biyu yana kamun kifi, wurin Kande yake kaiwa, bai ƙara ajiye kwando a gabanki ba. Kin lura, na kuma san yana damunki.

Da ciwo ya kwantar da ke a daminar bana, abin da ya tsaya miki shi ne hannu ba ɗaya ba ne, wata nata gajere, za a fara gardama in ba kya nan. Sabiru ya yanko reshen kanya ya gwada da hannunki kina kwance. Yatsun sun lanƙwashe, sai kika ce, "Ƙara ɗan kaɗan, kada tsufana ya cuci kifin." Ya sassaƙa guda goma sha bakwai, kowace mace da nata rataye a gefen murhu.

Ranar Lahadin da ta wuce aka buɗe ruwan bana. Kifin farko da ya shiga ragar Sabiru bai kai wa Kande ba. Ya shigo da shi ɗakinki yana ɗigar ruwa, ya ajiye a bakin tabarma. Aka tallafe ki kika zauna. Kika aza hannu, kika ɗaga, kika sake azawa a gaba, har yanzu da sauran wutsiya. Kika dube shi kika ce, "Wannan kam na saya." Kwana biyu bayan haka Allah ya karɓi abinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sabiru da iyalinsa, da Kande da sauran matan banda, da Sarkin Ruwa Kalilu da dukan mutanen Rafin Kanya. Allah ya ba ku haƙuri, ya bar ku a kan alkawarin da ta bar muku. Inna Barakatu, Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya haɗa ki da Malam Harisu a Aljanna Firdausi. Kin tsare awo a duniya ko da a kan ɗan cikinki. Allah ya nauyaya mizaninki ranar da za a auna kowa. Ɗanki yana gida, Inna, kuma jiya da safe ya koma ruwa. Allah ya jiƙan ki, amin.