Ɗayyabu, Bakin Kowa

Shekara ashirin da uku Malam Ɗayyabu ya yi a sashen rajista na wata ma'aikata a Dutse. A takarda, aikinsa ajiye fayil ne da fito da shi. A zahiri kuwa shi ne bakin kowa.

Tun yana sabon ɗauka aka gano baiwarsa. Wata rana direban ofis ya mayar wa darakta magana a gaban baƙi, aka ce a ba shi takardar tuhuma. Ɗayyabu ya bari sai da aka idar da Azahar, darakta ya ci abinci ya huce, sannan ya yi sallama ya shiga. Da tambayar jikin mahaifin darakta ya fara, bai ambaci direba ba sai a ƙarshe. Ya fito da takardar a yage.

Daga nan kowa ya samu hanya. Mai neman hutu, mai neman canjin wurin aiki, wanda fayil ɗinsa ya maƙale, duk teburinsa suke nufa. Ya san wanda ba a tunkara ran Litinin, da wanda in ba ka ce masa Injiniya ba ka ɓata tafiyarka. In wani ya rubuta baƙar magana a zauren WhatsApp na ofis, shi zai kira shi a gefe ya lallaɓa shi har ya goge. Asabar da Lahadi kuwa yana kan babur, yau ɗaurin aure a Garki, gobe ta'aziyya a Ringim, domin a cewarsa mutumin da ba ka je masa ba, ba ka da fuskar roƙonsa.

Daraktoci shida suka zo suka tafi. Yaran da ya nuna wa inda ake sa hannu sun zama shugabanninsa. Shi kuwa gwiwa ta fara ciwo, ga hawan jini, wayarsa kuma ba ta barinsa ya gama tuwo.

Sai idon mahaifiyarsa ya mutu a Taura, ba kowa a gidan sai ita. Ya yanke shawarar neman a mayar da shi ofishin shiyya na can. Sau uku yana shiga wurin darakta da wannan niyya, sau uku yana fitowa da buƙatar wani a biye, tasa ko furta ta bai yi ba.

Madam Dorcas, da ake ce wa Maman Tina, 'yar Filato mai buga takardu, wadda suke unguwa ɗaya a Takur, ita ta lura.

"Malam Ɗayyabu, wai me ke cin ka ne?"

Ya faɗa mata. Ya ce, "Maman Tina, in na wani ne bakina ba ya nauyi. In nawa ne sai in ji kamar bara nake."

Ta ture kujera ta miƙe. Ita ba ta iya kwana-kwana ba, tana shiga ofishin darakta ta zube maganar yadda take. Darakta ya saurara, ya gyaɗa kai, ya sa aka kira Ɗayyabu.

"Haba Malam Ɗayyabu, ai da ka faɗa min da kanka. Amma ka duba, in ka tafi wa zai riƙe min mutanen nan? Ka bari a gama aikin ƙarin girma tukuna."

"To, ranka ya daɗe. Na gode."

An gama aikin ƙarin girma, an shiga na tantance ma'aikata, an canza darakta. Sabon da ya zo ya ce ai tun kafin ya iso aka ba shi labarin Ɗayyabu, kuma ba zai yi sake da irinsa ba.

Dole ya ɗauko tsohuwa ya kawo ta Dutse, matarsa Safina na kula da ita. Tsohuwar ba ta son garin. Kullum sai ta tambayi wanda yake ba awakinta ruwa, shi kuma ya ce mata ana ba su.

Saura shekara goma sha biyu ya yi ritaya. Bai sake ɗaga maganar Taura ba. Ya dai rage zuwa biki, in wuri ya yi nisa sai ya buga waya ya ba da haƙuri.