Tambayar da Inna Ke Yi Kowace Safiya

Abin da na fara gani da muka isa rugar shi ne allon ajinsu. Ƙofar tsohon firji ce aka shafa wa baƙin fenti aka rataya a jikin ɗorawa, an zana saniya da alli, kowace gaɓa da sunanta. Yara na zaune a gaba kan tabarma, amma can baya har da wani mai gemu, hular kwano a cinyarsa, ya fi kowa ɗaga murya wajen maimaitawa.

Ga abin da ya kai ni can. Inna, kakata ta wajen uba, a ruga aka haife ta, amma tun da aka kawo ta Funtua Hausa take yi, ba ta koya wa 'ya'yanta Fulatanci ba. Bara ta yi ciwon shanyewar ɓarin jiki. Da bakinta ya buɗe sai Hausar ta ɓace, Fulatanci kaɗai ya rage. Kowace safiya takan kama hannun wanda ya kai mata koko ta ce, "On ɓiri na?" Da farko mun ɗauka biri take gani a mafarki. Mai kawo mana nono ce ta yi dariya ta ce tambaya take ko mun tatsi shanu, mu ce mata "Min ɓiri," wato mun tatsa. Aka riƙa faɗa mata haka. Ni dai na lura da abu guda: in an faɗa, sai ta sunsuna hannun mutum, ta sake shi, ta juya bango ta bar kokon ya huce. Tana ta ramewa. Mai nonon ce ta ba mu labarin ajin koyon Fulatanci da danginta suka buɗe a wajen Musawa, Baba ya ce in bi Goggo Asabe, ƙanwarsa, mu je mu ji.

Asabar: Funtua zuwa Malumfashi

Mun bar gida ƙarfe shida saura kwata, motar ba ta cika ba sai shida da rabi. Aka matse ni jikin taga, buhun masarar wani yana danna mini ƙafa. Bayan Bakori muka tarar da shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Hajiya, ina zuwa?" Goggo ta ce, "Makaranta za mu." Direba ya ce, "Ran Asabar? To Allah ya ba da ilimi mai amfani, kada dai a maimaita aji." Kowa ya yi dariya, har jami'in. Takwas saura minti goma muka sauka Malumfashi, Goggo ta saya mana ƙosai muka ci a tsaye.

Malumfashi zuwa ruga

Wata motar ta sauke mu Dayi ƙarfe tara. Daga nan sai babur, minti arba'in a tsakanin gonakin dawa da waken suya. Sau biyu muka sauka muka taka saboda taɓo.

Malamin ajin, Malam Buba, tsohon malamin firamare ne. Ya ce da shi da wasu tsofaffi suka fara, da suka ga yaran ruga ma sun koma amsa wa iyayensu da Hausa, wasu kuma ba sa son a ji su da Fulatanci a kasuwa. Mai hular kwanon kuwa ɗan acaɓa ne daga Matazu, surukarsa ce ke zolayarsa da Fulatanci ba ya ganewa.

Malam ya tambaye ni sunana, na sunkuyar da kai. Sai na miƙa masa littafina, inda na rubuta kalmomin da Inna ke jerawa bayan tambayarta, yadda kunnena ya ji su. Ya karanta wa wata tsohuwa da suke kira Dada. Tun bai gama ba ta dafe ƙirji.

"Wuule, mai farin goshi ke nan. Woɗeeye, ja. Ɓaleeye, baƙa. Ai shanun ubanta take kira, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake tatsarsu."

Goggo ta ce, "To Dada, mu ko akuya ba mu da ita. Mun ce mata mun tatsa, ta ƙi yarda."

"Ke Asabe, kin taɓa jin an yi wa Bafulatana ƙaryar nono? Hannunku sabulu yake ƙamshi." Ta dube ni. "Wannan mai sunkuyar da kan, ki kwana. Gobe za ki faɗi gaskiya."

A ɗakinta muka sauka, kan gadon kara. Muka ci tuwon masara da miyar kuka, man shanu har yana iyo a kai.

Lahadi

Gari bai gama wayewa ba Dada ta tashe ni. Ta kwance maraƙi ya fara tsotso, ta janye shi ta ɗaure, ta ɗaure wa uwar ƙafafun baya, ta sa mini ƙwarya tsakanin gwiwoyi. Na ja, ba abin da ya fito. Saniyar ta make ni da wutsiya a fuska.

"Ba igiyar guga ba ce, 'yar birni! Matsa daga sama, ki sauko a hankali."

Sai na ji ƙarar madara a gindin ƙwarya, siririya, da ɗumi. Abin da na tatsa bai fi kofi biyu ba. Dada ta tafasa shi ta zuba a gora, ta hana ni wanke hannu da sabulu. Ta ce in zan amsa kada in ce "min", wannan na jama'a ne. In ce "mi", ni da kaina.

Mun baro ruga bakwai da rabi, muka iso Funtua sha ɗaya da kwata, lafiya lau, mun gode Allah, mun gode wa mutanen da suka karɓe mu ba su san mu ba.

Inna tana kwance ta ba ƙofa baya. Na durƙusa na taɓa ta. Ta kama hannuna ta ce, "On ɓiri na?"

Na ce, "Mi ɓiri."

Ta sunsuna tafina, ta daɗe ba ta saki ba. Sannan ta yi alamar a tayar da ita zaune. Ta shanye madarar tas, ta ci rabin tuwon da aka ajiye mata tun safe. Daga nan ta juyo ta yi mini wata doguwar tambaya, tana kallon bakina tana jira. Ban gane ko kalma ɗaya ba.

Baba yana tsaye bakin ƙofa. Ni da ban taɓa roƙonsa komai ido da ido ba, na ɗaga kai na ce, "Baba, don Allah a bar ni in koma ran Asabar. Ta yi mini tambaya, ban ba ta amsa ba."