Ranar da Dorkas Ta Riƙe Biro

Zaɓe biyar Dorkas Waine ta gani tun da aka kawo ta aure ƙauyen Mirane, can cikin tsaunukan Simbu. Duka biyar ɗin an shafa mata tawada a ƙaramin yatsa, amma ba ta taɓa riƙe takardar ƙuri'a a hannunta ba. Haka ake yi a Mirane. Maza su taru su tsai da wanda dangi zai bi, ranar zaɓe samari huɗu su zauna a tebur guda su cike takardun kowa da kowa. Mata sai dai su miƙa yatsa su koma gona.

Dorkas ba mai yawan magana ba ce. Mijinta Gende ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu da gonar kofi a gangaren dutse, ita kaɗai take tsinka, ta shanya, ta goya buhu har bakin titi. Mutuwar autarta Ruta ce ta canja ta. Naƙuda ta zo wa Ruta da gardama, ɗakin shan maganin ƙauyen kuwa shekara uku ke nan a kulle, gada kuma ruwa ya cinye. A kan gadon gora maza suka ɗauke ta, ba a kai titi ba ta cika. Ɗan majalisarsu, Tobias Kawage, ɗan dangi ne, sau biyu Mirane tana ba shi ƙuri'unta kaf. Alade guda ya aiko wurin makoki, shi bai zo ba.

Da zaɓe ya matso, cikin masu takara fiye da talatin har da wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Marta Dinbi. A ƙafa ta zo Mirane, ba mota ba kiɗa, ta zauna da mata a ƙofar coci. Ita ta nuna musu cewa gurbi uku ne a takardar: lambar wanda aka fi so a na farko, sannan na biyu, sannan na uku. Lambarta ashirin da bakwai.

Dorkas ba ta yi makaranta ba. Sai ta riƙa tsayawa gaban hotunan 'yan takara da aka manna a bangon kanti, kamar mai jiran wani. In ta je gona ta zana lambobin da tsinke tsakanin kunyoyin dankali, ta goge da ƙafa. Bakwai ba ta da wuya. Biyu ce ta wahalar da ita, kullum sai ta juya mata baya.

Ranar zaɓe, da hantsi jirgi mai saukar ungulu ya sauke akwatuna a filin makaranta, da sojoji biyu, da jami'in zaɓe, wani siririn malamin makaranta daga bakin teku mai suna Levi. Samarin Tobias sun riga sun kewaye filin, kowa da adda a hannu, wai daga gona suke. Bomai, ƙanin marigayi Gende, wanda shi ne bakin dangi, ya ja tebur ya ajiye gaban Levi.

"Malam, kawo takardun. Mu nan a tebur ɗaya muke gamawa, ka koma gida da wuri."

Levi bai miƙa ba. Ya ce bana an ba mata layinsu dabam da rumfarsu dabam, duk wadda take so ta rubuta da kanta.

Bomai ya yi dariya, ya tofar da jan yawun buai, irin goron da suke taunawa, gefen takalmin Levi. "Ji wani batu! To ga su nan, tambaye su. Matan Mirane, akwai mai so?"

Mata kusan ɗari biyu suna zaune a ciyawa, kowace ta sunkuyar da kai. Dorkas ta dafa ƙasa ta miƙe.



"Matar yaya, fitsari za ki?" in ji Bomai. Samari suka kwashe da dariya.

"Rubutu zan yi."

"Ke? Yaushe kika san biro daga tsinken sakace?"

Ta nufi tebur. Taku talatin ne bai fi ba, amma sai da ta ratsa tsakanin samari biyu da suka ƙi matsawa. Ɗaya daga cikinsu da hannunta ta yanke masa cibiya. Ta dube shi, ya kau da kai, ya ja da baya kaɗan. Ɗaya sojan ya sauke bindiga daga kafaɗa ya riƙe a hannu, wasu mata suka fara jan 'ya'yansu jikinsu.

Bomai ya tare ta daf da tebur, ya rage murya. "Saurara, matar yaya. Gurbi uku ne. Sa Tobias a na farko, sauran biyun ki ba duk wanda kika ga dama, har karen gidanki. Ban hana ki ba. Amma ki tuna a ƙasar wa kike noma."

"A ƙasar yayanka," ta ce. "A nan kuma na binne 'yarsa."

Levi ya miƙo takardar ta gefen hannun Bomai. Dorkas ta karɓa.

Rumfar kwali ce kawai aka jingina a kan benci. Biro ya yi mata santsi saboda gumi. Ta rubuta biyu a hankali, ta tsaya ta duba ko ta fuskanci inda ya kamata, sannan bakwai. A gurbi na biyu ta sa wani fasto, a na uku wani mutumin garin iyayenta. Ta ninke, ta tura a akwati.

Da ta juyo sai ta ga layi a bayanta, mata goma sha uku, ba mai kallon wata. Ta ƙarshensu Kauna ce, matar Bomai, ta rufe rabin fuskarta da tawul. Bomai ya daka mata tsawa sau biyu, ta yi kamar da dutse yake. Sauran ƙuri'un Mirane duk a tebur ɗaya aka cike su, kamar kullum, kuma ba a zubar da jini ba ranar.

A Kundiawa, babban garin yankin, ake ƙirga, akwati akwati, ana faɗin sunan ƙauye a lasifika. Da aka buɗe na Mirane aka sami ƙuri'a goma sha ɗaya na Marta. Kafin rana ta faɗi labari ya iso gida. Bayan mako uku aka bayyana sakamako: Tobias ya faɗi da ratar da ta haura dubu biyu, Marta ma ba ta kai ko'ina ba, wani ɗan kasuwa daga ƙetaren kogi ne ya ci. Amma samarin Tobias ba su da hanyar huce haushi a kan mutum dubu biyu. Gonar Dorkas kuwa ga ta nan kusa.

Ranar Lahadi tana coci suka shiga. Da ta dawo ta tarar da itatuwan kofin da Gende ya dasa duk a kwance, an sare su daga gindi, jajayen 'ya'yan sun watse a gangare. Ta zauna a kan wani kututture har inuwa ta juya. Babban ɗanta da ke aiki a Lae, can bakin teku, ya aiko cewa ta tattara ta koma wurinsa. Ta ce a gaya masa ba ta saba da zafin bakin teku ba. Kotun ƙauye ta zauna sau ɗaya, aka rasa mai shaida, magana ta mutu. Ita da Bomai har yau sai dai su wuce juna a hanya.

Da ruwan sama ya dawo, wata safiya tana tumɓuke kututture sai ga Kauna ta sauko gangaren, da ƙananan dashen kofi cike da jakar saƙa a bayanta. Kumburin gefen idonta bai gama sacewa ba. Ta sauke jakar.

"Yaya, kada ki tambaye ni komai."

"Ban tambaya ba," in ji Dorkas. Ta miƙa mata sandar haƙa, ta nuna mata inda za su fara, daga sama inda ƙasa ta fi laushi.