Gefen da Ke Kife

Sabon Tasha, Juma'a

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fita, Maman Yara tana bina har bakin get da mita. "Tsofai-tsofai da kai, duk wannan a kan kwabo ɗaya?" Na ce mata ta rufe ƙofa, sauro na shiga.

Shekara talatin ke nan ina tara tsofaffin kuɗi, tun ina koyarwa. Ranar Alhamis da yamma Ayuba, ɗan baffana da ke ƙauyenmu kusa da Kwoi, ya turo mini hoto a waya. Ana sauke tsohon kwanon cocinmu, sai aka ga kafintocin zamanin da sun sa kwabo mai huji a ƙarƙashin kowace ƙusa, don a lokacin ya fi wosha araha. A cikin tarin da ya ɗauka hoto, guda ɗaya na ɗauke da sunan Sarki Edward na takwas na Ingila. Sarkin bai cika shekara a kan mulki ba, ya sauka a 1936, kuma kwabonsa na wannan shekara ba wuya gare shi ba, ina da goma sha ɗaya a gida. Amma a 1945 masu buga kuɗi suka yi kuskure, suka haɗa tsohon sunansa da sabuwar shekara. Wannan kam ban taɓa riƙe shi ba. Shekarar kuwa tana ɗaya gefen, gefen da ke kife a hoton. Na kira Ayuba sau tara ya juya mini shi, ba sabis.

Motar Kachia naira dubu biyar, amma ba ta cika ba sai bakwai da minti goma. Na kusa biyan kujerar da ta rage don haushi.

Hanyar Kachia

Shinge huɗu muka wuce kafin Kajuru. A na ƙarshe soja ya buɗe jakata ya ga gilashin da nake duba ƙananan rubutu da shi.

"Baba, kai mai gyaran agogo ne?"

"Kusan haka," na ce, don ba ni da lokacin bayani.

Bayan garin Idon, taya ta fashe, safayar kuma ba iska. Awa biyu muka yi a gindin ɗorawa. Wata mai buhunan wake ta miƙo mini ƙosai, na karɓa na riƙe har ya huce ban ci ba. Mun shiga Kachia sha biyu da rabi, na faɗa wata motar da ta sha buhunan citta har ƙamshin yana sa ni atishawa.

Kwoi

Ƙarfe uku muka isa. Ɗan acaba ya kai ni ƙauye a kan dubu ɗaya da ɗari biyar. Tun daga nesa na hango cocin tsirara, katako kawai. Ayuba ya taho yana dariya.

"Yaya, ka zo da kanka? Ai kaya ya tafi. Komiti ya sayar ma Alhaji Sale na Kafanchan, da kwano da ƙusa duka. Motan ya tashi da safe."

"Kwabban fa?"

"Yana cikin buhun ƙusa. Na ɗauka hoton ne kawai kana so."

Na zauna a kan bulo, raina ya ɓaci ƙwarai. Matarsa ta kawo tuwon acca da miyar karkashi, na ci loma biyar don kada ta ji ba daɗi. Ayuba ya ce ranar Asabar Alhaji ke loda tirela zuwa inda ake narka ƙarfe. Ban jira ya gama maganar ba na ce a nemo mini mashin.

Kafanchan

Kilomita arba'in ne ko ƙasa da haka, amma mun isa shida ta wuce, filin gwangwan na Alhaji a rufe da kwaɗo. Na kama ɗaki kusa da tashar jirgi, dubu takwas, fanka tana juyi ba iska. Barcin dai sunansa barci.

Shida da rabi na safiyar Asabar ina bakin filin. Alhaji Sale ya zo bakwai, dattijo siriri mai farin gemu, kakanninsa ma a kasuwar garin suka yi ciniki. Tirela ta riga ta juya baya, ana ɗaura kwano.

"Malam, buhu uku ne, kuma da tara za mu ɗaure. In za ka iya, bisimilla."

Ya sa aka zazzage mini su a kan tabarma. Na durƙusa ina tsinta cikin tsatsa. Jajayen kwabban 1952 sun fi yawa, waɗanda ko a bakin titi ana samu. Ga sauran na Sarki George birjik. Na ga Edward guda shida, na juya su ɗaya bayan ɗaya: 1936, dukansu. A ƙasan buhu na uku, takwas da minti arba'in, na ga na bakwai, da ƙusarsa a maƙale. Na zare ta, na goge shi da bakin riga, na juya, na sa gilashi.

1945.

Gilashin ya suɓuce mini ya faɗi. Alhaji yana tsaye a kaina, ya gani sarai.

"Malam, a kilo nake sayarwa, kilo ɗaya ka kwashe da shi a ciki. Amma tsakaninka da Allah, wannan ɗin mene ne?"

Da na ce shekarar haihuwar yayata ce, da an wuce wurin. Na buɗe baki da niyyar haka. Sai na ji kaina ina ba shi labarin sarkin da kuskuren masu bugawa, dalla-dalla kamar ina gaban aji, har da cewa masu tarawa a ƙasashen waje suna nemansa ido rufe. Ya saurara har ƙarshe, ya miƙo hannu, na sa masa. Ya ƙulle shi a hankici ya jefa a aljihun gaba.

"Na gode da ka gaya mini gaskiya. Wannan ba na sayarwa ba ne yanzu, sai na yi shawara da 'ya'yana. Sauran duka ka ɗauka, kyauta."

Na roƙe shi, na yi tayin abin da ban isa in faɗa wa Maman Yara ba. Ya girgiza kai cikin ladabi. Abin da ya yarda da shi kawai, ya sake kwance hankicin na riƙe kwabon minti ɗaya, na ɗauki hotonsa gaba da baya. Hoton ma bai fito sosai ba.

Komawa

Motar Kaduna ta tashi goma da rabi, ta Zonkwa da Kachia, dubu tara. Leda mai nauyin kilo huɗu tana kan cinyata, ba ko ɗaya a ciki da ba ni da irinsa. Har Kujama ina faɗa da bakina, ban kuma gama yanke hukunci ko ya yi mini laifi ba.

Huɗu da kwata na shiga gida. Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Ayuba da matarsa, da Alhaji Sale, ko da yake tasa godiyar da ƙyar take fita. Maman Yara ta dubi ledar ta dubi fuskata.

"Ka samu?"

"Na riƙe shi," na ce.