Sai Ya Amsa

Har gobe ban manta da wata Laraba cikin damina ba, lokacin ina ɗakin rediyo a filin jirgin sama a Legas. Ku da kuka gaje mu a aikin nan, kuka biyo ni har gida Magama gaisuwa, na ji yanzu rubutu kuke turawa ya faɗa gaban matuƙi. Mu da maƙogwaro muka yi aikin. Masu hasashen yanayi su miƙo takarda, mu karanta wa matuƙi, shi kuma ya maimaita don a tabbatar ya ji.

Ana dab da tashi aiki da la'asar takarda ta zo: gagarumin hadari ya haɗu a tsakiyar teku, daidai hanyar wani jirgin fasinja da ya nufi Brazil. Na kira shi sau uku, ba na jin komai sai shuuu kamar ana suyar ƙosai.

Ogana, mutumin kirki amma mai son tashi kan lokaci, ya ce, "Malam Isiya, ka kira sau uku, ka rubuta. Ka sauke nauyi. Motar ma'aikata ba ta jira."

A takarda gaskiyarsa ce. Amma ni ɗan ƙauyen Riko ne. Can a gona, wanda ya fara hango hadari daga gabas shi ke ƙwala wa maƙwabci kira. Na taɓa kira sau ɗaya na ruga gida, babana ya tare ni a ƙofa. "Ya amsa maka?" Na ce a'a. Ya ce, "To mi ka yi ke nan? Koma."

Sai na ce Oga ya tafi. Na sauya tasha, na samu wani jirgin kaya da ke dawowa ta wajen, na roƙi matuƙinsa ya miƙa saƙon. Na zauna rungume da rediyo, tsoro ya cika ni.

Can sai muryar mutumina, matuƙin jirgin fasinjan, ta ɓullo, siririya. Ya maimaita saƙon kalma bayan kalma, ya ce zai karkata kudu. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, kuma ina kewar irin muryoyin nan.

Motar ta tafi, na taka a ƙasa har bakin titi. Abin da aikin nan ya koya mini ke nan, yarana: kun tura, na ji. Ya amsa?